Peter Robinson: Ɗan Kasuwar Da Ya Zaunar Da Talakawan Ailan A Kanada

A ƙasar Kanada akwai wani birni mai suna Peterborough. Sunan ya samo asali ne daga Peter Robinson, ɗan kasuwar fatu kuma ɗan majalisa a zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar. An haife shi a 1785, ƙanensa John kuwa shi ne babban lauyan gwamnatin yankin Upper Canada.

A lokacin, Ailan ma tana hannun Ingila. Talakawan kudancinta ba su da gonar kansu, haya suke biya, ga yunwa, ga tarzoma. Sai Wilmot-Horton, jami'i a ma'aikatar mulkin mallaka a Landan, ya kawo shawarar a kwashe wasu zuwa Kanada da kuɗin gwamnati. Wato dai a rage masu fitina a gida, a cika daji a can. Robinson aka damƙa wa aikin.

A 1823 ya ɗebo mutum 568 daga yankin Cork a jiragen ruwa 2, ya sauke su kusa da inda Ottawa take a yau. Da farko mutane sun yi ɗari-ɗari da shi, suna zaton dabarar kora ce. Amma da wasiƙun waɗanda suka tafi suka fara isowa, a 1825 masu neman tafiya suka kai wajen 50,000. Mutum 2,024 kawai ya ɗauka, a jirage 9.

To, a nan fa aikin yake. Bai zube su a bakin ruwa ya juya ba. Kowane magidanci an yanka masa eka 70, aka ba shi saniya, da gatari, da irin shuka, da abincin wata 18. Duk da haka an sha wuya: zazzaɓi ya kashe wasu tun a hanya, ga sanyin da ba su saba ba. A 1824 ma rikici ya ɓarke tsakanin ayarin farko da waɗanda suka riga su zama, yawanci 'yan Sikotlan, har aka rasa rai. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Gwamnati ta ga kuɗin ya yi yawa, ba ta sake shirya irin wannan tafiya ba. Robinson ya zama kwamishinan filayen gwamnati a 1827, ya rasu a Toronto a 1838.

Da babbar yunwa ta afka wa Ailan daga 1845, dubbai suka tsallaka ba gona ba guzuri, da yawa suka mutu a jirgi ko a wurin killacewa. Mutanen Robinson kuwa sun riga sun yi saiwa. Bambancin ke nan: baƙon da ya samu fili nasa da abin da zai ci kafin kaka, jikokinsa 'yan gari ne.