Golf GTI da 205 GTI: Motoci Biyu da Suka Raba Kan Ma'abota Tuƙi

A lokacin da matsalar man fetur ta shekarar 1973 ta jefa mutanen Turai cikin tsimi da tanadi, har masu ƙera motoci suka zaci zamanin gudu ya shuɗe, sai ga wasu ma'aikatan kamfanin Volkswagen a Wolfsburg ta ƙasar Jamus, cikinsu har da injiniya Alfons Löwenberg da jami'in watsa labarai Anton Konrad, suna ganawa a asirce bayan an tashi aiki, suna tadbirin yadda za su ɗora wa Golf, wadda motar cefane ce kawai, inji mai zafi. Aka nuna wannan Golf GTI a baje kolin Frankfurt a 1975, aka fara sayar da ita a 1976, da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110, alhali nauyinta bai wuce kilo 810 ba. Manyan kamfanin, saboda rashin yaƙini, guda 5,000 kurum suka yi niyyar ƙerawa. Kafin a canza samfurin an sayar da fiye da 460,000.

Ita kuwa Peugeot 205, a cikin ƙunci aka haife ta, domin kamfanin nan na Faransa, bayan ya haɗiye Citroën da reshen Chrysler na Turai, asara ta yi masa katutu, kuma wannan ƙaramar mota da ta fito a 1983 ita ta fisshe shi. GTI ɗinta ta biyo baya a 1984 da ƙarfin doki 105, sannan a 1986 aka kawo mai lita 1.9 da ƙarfin doki 130.

To, saɓanin da ke tsakaninsu a ɗabi'a yake. Golf, da jan zarenta a bakin gaba, da kujerunta masu zanen dara, da kan giya mai siffar ƙwallon golf, natsattsiya ce tamkar dokin hawan salla, tana yafe wa direba kurensa. Amma 205 dokin sukuwa ce, wadda in mutum ya ɗauke ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, sai bayanta ya nemi wuce gabanta. Wannan aibi, wanda ya jefa gaggan matasa a rami, shi ne kuma abin da masoyanta ke yabo, kuma a ra'ayina suna da hujja, gama Jamusawa ne suka ɗaukaka wannan babi, amma Faransawa sun fi su sanya masa rai.

'Yar'uwarta ta tsere, 205 Turbo 16, ta ci gasar rali ta duniya a 1985 da 1986, sannan Ari Vatanen ya ci tseren Faris zuwa Dakar da ita a 1987, ta hamadar Nijar. Sai dai yawan sata da tsadar inshora, musamman a Ingila, suka karya kasuwar irin waɗannan motoci, aka daina ƙera 205 GTI a 1994, Volkswagen kuwa ya ci gaba da tasa har yau.