Manhajar Shago Ba Janareta Ba Ce: Nazari a Kan Kula da Manhajojin Kasuwanci a Kawo, Kaduna

Tsakure

Maƙalar nan tana ƙalubalantar ra'ayin da ke cewa ba a neman mai gyaran manhaja sai ta lalace. Hujjarta ita ce abubuwan da suka faru a Najeriya daga 2020 zuwa 2025.

Gabatarwa da waiwaye

A manyan shagunan da ke kan titin Ali Akilu zuwa gadar Kawo, kwamfuta ta fara karɓe aikin littafin bashi. Sai dai mai shago yakan ɗauke ta kamar janareta: a saya, a kunna, in ta ƙi tashi a kira yaro. Da wannan tunani nake jayayya. Swanson (1976) ya kasa kula da manhaja gida uku: gyaran kuskure, daidaita ta da sauyin yanayi, da inganta ta. Da shi da Lientz suka binciki ma'aikatu 487 a 1980, sai suka tarar gyaran kuskure kusan ɗaya bisa biyar ne kawai na aikin. Lehman (1980) ya ƙara da cewa manhajar da ake aiki da ita dole ta riƙa sauyawa, in ba haka ba amfaninta ya yi ta raguwa.

Hanyar bincike

Na ɗora sanarwar hukumomi da ta kamfanoni a kan rabe-raben Swanson.

Sakamako

Kwana goma sha takwas sun ishe ni hujja. Ranar 14 ga Janairun 2020 Microsoft ya janye tallafi daga Windows 7. Ranar 1 ga Fabrairu harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, bisa Dokar Kuɗi ta 2019. A ranakun nan biyu babu manhajar da ta lalace. Allo na kawo haske, rasit na fita. Amma dillalin kayan gini da manhajarsa ta tsaya a kashi 5, in ya sayar da kayan naira 100,000, zai karɓi 5,000 alhali hukuma na bin sa 7,500. Gibin 2,500 daga aljihunsa zai fita, a kowane rasit, shiru ba ƙara. Abin da ya fi damuna ke nan, domin ɓarnar da ba ta kuka ba a kiran mai gyara dominta. A lokacin, dokar kuma ta sauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar harajin, ga kayan abinci na yau da kullum da magunguna da ba a ɗora musu. Ashe aikin ya wuce sauya lamba ɗaya; sai an bi kaya an tantance, kuma sai wanda ya san dokar ya san manhajar.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya maimaita darasin: ciniki ya koma tiransifa da POS, manhajar da ta san tsaba da bashi kaɗai ta bar yaron shago yana lissafin alat a waya. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Windows 10 ma ya bi sahun Windows 7, aka janye masa tallafi.

Iyakar bincike

Na yarda ban auna asarar kowane shago ba, kuma binciken Lientz da Swanson na manyan ma'aikatu ne, ba na 'yan tebur a kasuwar Talata ta Kawo ba, waɗanda biro da littafi suka wadatar. Wannan gibi na bar wa mai binciken fili.