Haƙurin Allah da Sarki Manassa

Cikin sarakunan Yahuza duka babu wanda ya daɗe a gadon sarauta kamar Manassa ɗan Hezekiya. Yana ɗan shekara 12 aka naɗa shi, ya yi shekara 55 yana mulki a Urushalima, har wajen shekara ta 642 kafin haihuwar Almasihu. Shi ne kuwa mafi mugunta. Wuraren tsafin da ubansa ya rurrushe, shi ya sāke gina su. Ya kafa gunki cikin Haikalin Ubangiji, ya ƙone ɗansa hadaya, ya zubar da jinin marasa laifi. Da ni ne, da bai kai shekara biyar ba.

Ubangiji ya yi ta aiko annabawa, Manassa ya toshe kunne. Daga baya sojojin Assuriya suka ɗaure shi da sarƙar tagulla, suka kai shi Babila. Can cikin wahala ya ƙasƙantar da kansa, ya yi addu'a. Littafin Tarihi na biyu, sura 33, ya nuna Allah ya ji shi, ya komo da shi kan sarautarsa. Ya fitar da gunkin, ya gyara bagade. Ɗansa Amon bai koyi kome ba, amma jikansa shi ne Yosiya mai tsoron Allah. Ku buɗe Matiyu sura ta ɗaya, za ku iske sunan Manassa cikin kakannin Yesu.