Daga Awo Zuwa Launi: Yadda Zanen Gini Ya Samu Hanya Tsakanin Manhajoji

Magini awo yake nema a takarda: kaurin bango, faɗin ƙofa, inda ginshiƙi zai tsaya. Mai gida kuwa so yake ya ga gidansa da launi da inuwa da bishiyoyi. Manhajojin da ke biyan buƙatun nan biyu ba gida ɗaya suka tashi ba.

Ɓangaren awo ya samo asali ne a Amurka, inda Ivan Sutherland ya nuna Sketchpad a jami'ar MIT a 1963, yana zane a fuskar kwamfuta da alƙalami mai aiki da haske. A Disambar 1982 kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, zanen gini ya sauko kan ƙananan kwamfutoci. Kamfanin ya riƙe sirrin fayilinsa na DWG, amma ya buɗe wata ƙofa mai suna DXF, wadda kowace manhaja za ta iya karantawa: layi kaza ya tashi daga nan, ya tsaya can. A ganina wannan ƙofa ce mafi alherin abin da ya yi wa masu sana'ar.

Ɓangaren launi kuma daga masana'antun mota na Faransa ya faro. Paul de Casteljau a Citroën da Pierre Bézier a Renault su suka tsara lissafin lanƙwasa layi don zana jikin mota. A kansa kamfanin Adobe ya gina harshen ɗab'i na PostScript a 1984, sannan manhajar Illustrator a 1987. CorelDRAW, wadda shagunan ɗab'i a Najeriya suka runguma hannu bibbiyu, ta biyo baya daga Kanada a 1989.

Da aka fara shigo da DXF cikin waɗannan manhajojin launi, sai saɓanin ya fito fili. A AutoCAD bango mai mita 10 mita 10 ne cif, ita kuwa Illustrator girman takarda ta sani, dole a faɗa mata ma'auni, misali 1:100. Lanƙwasar baka takan iso a kakkarye. Zanen adon da aka yi wa daɓe yakan tarwatse ya zama dubban layuka, kwamfuta ta yi nauyi. Mafi ɓata lokaci shi ne ɗakin da kusurwarsa ba ta haɗu ba: ido ba ya ganin giɓin, amma launi ba zai zauna ciki daidai ba.

Zuwan PDF a 1993 ya rage wahala, domin yana riƙe kaurin layi da girman takarda. Tsarin fayil na SVG a 2001 da manhajar Inkscape a 2003 suka buɗe hanya ga wanda ba shi da kuɗin lasisi. Duk da haka, mai zane, kafin ka fitar da fayil ka haɗe kusurwoyi, ka ware bango da ƙofofi da kayan ɗaki rukuni-rukuni, ka cire awon da ba a buƙata.