Kete Karaci: Garin Jamus da Ruwa Ya Ci



'Ya'yanmu da ke neman abinci a Jamus, waɗanda ake wa laƙabi da boga, sukan aiko mana da hotuna daga Berlin. Ga ragowar katangar da ta raba birnin biyu daga 1961 zuwa 1989, ga majami'ar da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka rusa, aka bar kangonta da gangan domin 'yan baya su gani. Mukan duba mu jinjina wa mutanen da suka ƙi yarda tarihinsu ya ɓata, mai daɗinsa da mai ɗacinsa. Sai dai kaɗan daga cikinmu suka san cewa a ƙasar nan tamu akwai garin da Jamusawa suka mulka shekara ashirin cur, kuma kakanninmu na cikinsa lokacin da aka yi. Garin shi ne Kete Karaci.

Bayan ƙaramar salla muka raka dattijonmu can. Mun bar Nima da asuba, muka haye gadar Adomi, muka bi ta Hohoe da Jasikan har Dambai, inda jirgin fito ya ƙetarar da mu kogin Oti. Ba mu isa ba sai da rana ta yi ja.

Asalin zaman Hausawa a wurin daga Salga ya taso. Tun ƙarni na 19 ayarin fatake ke barin Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin tufafi da fatu, su yi wata biyu ko uku a hanya kafin su sauka Gwanja su sayi goron Asante. Gaskiya ɗaya ce: a kasuwar Salga har bayi an sayar, kuma akwai hannun namu a ciki. A 1892 yaƙin gadon sarauta ya tashi tsakanin 'ya'yan sarakunan Gwanja, kasuwa ta watse, 'yan kasuwa suka fantsama. Da yawa suka gangara Kete, zangon Musulmi da ke kusa da Karaci, garin 'yan ƙasa, a bakin kogin Volta.

Jamus kuwa ta kafa tutarta a gaɓar tekun Togo tun 1884, tana ta kutsawa arewa. A 1894 dakarunta suka iso Karaci, suka harbe babban bokan tsafin Dente, wanda ya daɗe yana takun saƙa da fataken Kete, suka kafa bariki. A 1896 suka karya Dagwamba a Adibo, kusa da Yendi. A 1899 suka raba arewa da Turawan Ingila a kan takarda: Salga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Karaci suka zama na Jamus. Mulkinsu na aikin tilas ne da bulala, har bulala ashirin da biyar ta zama abin da ake tuna su da shi a Togo.

A cikin wannan hali ne Allah ya zaunar da Alhaji Umaru ɗan Abubakar a Kete. An haife shi a Kano a 1858, asalin gidansu Kabi, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar goro zuwa Salga. A nan ya san wani Bajamushe matafiyi, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka raɗa wa suna Malam Musa. Da Salga ta lalace ya koma Kete, ya zama limaminta, almajirai suka riƙa zuwa masa daga kowace kusurwa. Bai ɓoye abin da ke zuciyarsa game da zuwan Nasara ba, ya yi waƙoƙi a kansa da Larabci da Hausa, yana lissafa garuruwan da suka ci. Duk da haka ya zauna da jami'in Jamus na Karaci, Adam Mischlich, ya rubuta masa da ajami labarin ƙasar Hausa: tarihin sarakuna, noma, rini, fatauci, aure da karatu. Mischlich ya buga ƙamus ɗinsa na Hausa a Berlin a 1906. Wani zai tambaya, me ya haɗa malami da mai bulala? Amsar da muka gano ita ce, Liman ya fahimci cewa mulki mai wucewa ne, abin da aka rubuta kuwa yakan daɗe bayan mai mulki ya tafi.

Haka kuwa aka yi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a Agustan 1914, Togo ce ta fara faɗuwa cikin ƙasashen da Jamus ke riƙe da su. Abin da Ingila ke hari shi ne tashar wayar iska ta Kamina, kusa da Atakpame, wadda ke haɗa Berlin da jiragen ruwanta na tekun Atlantika. Sojan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, suka shiga daga yamma, na Faransa suka shigo daga Dahomey. An shiga Lome ran 7 ga Agusta, aka gwabza a kogin Chra ran 22, Jamusawa suka rusa tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ran 26. Mako uku ke nan. Wani sojan Gwalkwas mai suna Alhaji Gurunshi shi ake ɗauka a matsayin wanda ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a dukan yaƙin.

Abin da ya shafe mu a nan mai nauyi ne. Rundunar Gwalkwas ta samo asali ne daga 'yan sandan da ake kira Hausa, kuma Hausa ce harshen barikinta. Jamusawa ma da Hausawa suka fara kafa 'yan sandansu na Togo a 1885. Ke nan masu salla ɗaya da harshe ɗaya sun tsaya a sahu biyu suna harbin juna, a kan rigimar da aka ƙulla a Turai, wadda ba su san mafarinta ba.

Bayan yaƙi aka raba Togo, Karaci ta faɗa rabon Ingila. Liman Umaru ya ga tafiyar Jamusawa kamar yadda ya ga zuwansu, ya ci gaba da karantarwa har Allah ya karɓi ransa a 1934, aka binne shi a garin. Ran 9 ga Mayu 1956 mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'a, mafi yawa suka zaɓi haɗewa da Gwalkwas, aka shiga 'yancin kai tare a 1957.

Abin da bindiga ba ta yi wa garin ba, ruwa ya yi. Da aka datse Volta a Akosombo, tafki ya fara cika a 1964. Mutum kusan 80,000 aka tasa, aka zaunar da su a sababbin matsugunai 52, tsohuwar Kete Karaci na cikin garuruwan da ruwa ya ci. Washegarin isarmu wani tsoho na zangon ya kai mu bakin tafkin. Muka ga kangon ginin Jamusawa yana nan a tudu, ciyawa ta rufe shi. Dattijonmu ya ce masa, "Baba, ina kasuwar Kete take?" Tsohon ya miƙa sandarsa wajen ruwa, inda ƙirarun itatuwa suka fito tsirara, masunta na kewaya su da kwalekwale. Ya ce, "Alhaji, ga ta can. A nan aka yi mini wankan jego." Muka yi shiru, sa'an nan muka yi addu'a ga waɗanda ke kwance a ƙarƙashin ruwan.

A hanyar dawowa dattijonmu ya ja hankalinmu ga abu guda. Dutsen Jamusawa ya tsira domin a tudu suka gina, gidajen ƙasa na kakanninmu kuwa sun narke. Abin da ya rage mana shi ne tawadar Liman. Almajiransa sun kwafe rubuce-rubucensa sun bazu da su zango-zango. A shekarun 1960 masanan Jami'ar Ghana ta Legon suka tattara kwafe-kwafen irin waɗannan littattafai, suna nan ajiye a cibiyar nazarin Afirka, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Nima. Abin da ya rubuta wa Mischlich kuma ya tsallake yaƙin duniya biyu, har wani masani ɗan Poland, Stanislaw Pilaszewicz, ya buga wani sashe nasa a Berlin a 2000.

Mu da muka haura hamsin mun tashi muna jin labarin Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. An kwashi mutanen da aka haifi iyayensu a nan, domin ba su da abin nunawa. Har gobe akan tambayi ɗan zango, kai daga ina? Wanda ya san cewa akwai liman Bahaushe a Kete shekara sittin kafin a sa wa ƙasar nan suna Ghana, ba zai sunkuyar da kai ba.

Nima ma tana da nata tarihin yaƙi. Malam Amadu Futa ya karɓi filin a 1931, unguwar ta cika a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da masu aiki a sansanin sojan Amurka da ke kusa da filin jirgi, daga baya kuma da tsofaffin sojan da suka dawo daga Bama. Waɗannan sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu na nan, lambobin yabo da takardun sallama na cikin akwatunan kwano a ƙarƙashin gado. Damina ɗaya mai ƙarfi ko gobara ɗaya ta isa ta raba mu da su.

Saboda haka roƙonmu shi ne, duk mai tsoho a gida ya zauna gabansa da alƙalami ko da waya, ya tambaye shi garin da kakansa ya fito, da hanyar da ya bi, da shekarar da ya sauka. Mai tsohuwar takarda ko littafin ajami ya ɗauki hotonsa shafi-shafi. Malaman makarantunmu su shirya kai ɗalibai Legon su ga rubutun Liman Umaru da idonsu, mai hali kuma ya kai iyalinsa Kete Karaci tun tsofaffin da suka san tsohon garin suna da rai.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru da sauran magabatanmu, ya sa mu cika da imani.