Tarihi a Ƙarƙashin Fenti: Yadda Na Tayar da Tsohuwar Land Rover ta Kawu

Sa'ad da editan mujallar nan ya nemi in rubuto wani abu a kan tarihi, sai na ce masa ni ba ni da labarin sarki ko na yaƙi, sai dai na wata tsohuwar mota. Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna yadda malaminmu na tarihi yakan ce kowane tsohon abu shaida ne, muddin mutum ya san yadda zai tambaye shi. A lokacin mun ɗauka zancen cika darasi ne. Ni dai sai da na shekara uku ina kwanciya ƙarƙashin mota kowace Asabar, bayan na gama da fayil-fayil ɗin ofis, sa'an nan na gane abin da yake nufi.

Motar ta kawuna ce, wanda ya yi aikin direba da malaman dabbobi har ya yi ritaya. Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin gwamnati, sai ya sayi wadda ya daɗe yana tuƙawa. Bayan rasuwarsa ta zauna a bayan gida ƙarƙashin dogon yaro, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar gaba. A shekarar 2021 'yan gwangwan suka zo suka taya ta a kan kilo, aka kusa sallamawa. Na roƙi 'yan'uwa suka bar mini, aka ja ta zuwa garejin wani dattijo da aka ce a duk birnin Sakkwato ba wanda ya fi shi sanin irinta. Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasa da guduma, ya ce, "Ɗana, wagga mota ba ta mutu ba, barci taka yi."

Kafin in ci gaba, ya kamata a san asalinta. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fara nuna Land Rover a bikin baje kolin motoci na birnin Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. Injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, ya samo dabarar daga Jeep ɗin sojojin Amurka da yake amfani da ita a gonarsa. Da yake bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ce ke rabon ƙarfe saboda ƙarancinsa, sai aka yi bodin da alminiyam, watau irin abin da ake tukwane da jiragen sama da shi. Wannan larura ita ta zama alheri, domin alminiyam ba ya tsatsa. Don manoma aka yi ta, amma Turawan mulki da 'yan sanda da soja da malaman asibiti suka karɓe ta hannu bibbiyu. An fito da samfuri na biyu a 1958, na uku kuma a 1971, wanda aka ci gaba da ƙerawa har 1985.

To, tamu fa yaushe ta zo? Takardunta gara ta cinye, don haka sai na bi shawarar malaminmu na tambayi motar. Fitilunta suna gefe a kan fikafikai, ragar gabanta ta roba ce, agogon gudu kuma yana gaban direba, waɗannan duka alamun samfuri na uku ne, ke nan ba ta riga 1971 ba. Sitiyarinta yana hagu, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Shaida ta uku ita ta fi ratsa ni. Wata Asabar ina kankare fentin ƙofar direba, na wuce shuɗi, na wuce toka-toka, sai ga kore, a kansa kuma farin rubutu na sunan Jihar Arewa maso Yamma. An kafa wannan jiha a 1967, Sakkwato ce hedkwatarta, ta haɗa lardin Sakkwato da na Neja, har Janar Murtala Muhammed ya raba ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976. Ashe motar ta fara aiki tsakanin 1972 da 1976, watau daidai zamanin babban farin nan na 1973 da ya halaka dabbobi a ƙasashen Sahel.

A tuna cewa jiha ɗaya ce tun daga Illela a kan iyakar Nijar har Bida da Minna, kuma kwalta ba ta wuce manyan hanyoyi ba. Wanda zai je Tangaza ko Isa ko Sabon Birni da damina, rairayi da laka da fadamar Rima suna jiransa. Abin da ya sa Land Rover ta yi suna shi ne 'yan sanduna biyu da ke kusa da giya. In direba ya danna mai rawayan kai, sai tayoyi huɗu duka su riƙa ja. In ya jawo mai jan kai baya, sai gudu ya ragu ƙarfi ya ƙaru, ta haura gangare tana tafiyar hawainiya. Kawu yakan ba mu labarin 1983, lokacin da cutar bushiya ta dawo ta faɗa wa shanu, suna ɗaukar allurar riga-kafi cikin akwatin ƙanƙara suna bin rugage, su kwana inda dare ya yi musu. Sai a 2011 aka tabbatar an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya, kuma ina ganin irin waɗannan direbobi da ba a rubuta sunayensu ba suna da kaso a ciki.

A shekarun arzikin man fetur Nijeriya ta so ta riƙa harhaɗa motocinta. Aka kafa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas a 1975, sa'an nan Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu, da Leyland a Ibadan, inda ake harhaɗa Land Rover. Amma da yake kusan dukan kayan daga waje ake shigo da su, da darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai masana'antun suka shiga durƙushewa. Motocin Kwatano suka cika gari, ma'aikatu suka koma ga Hilux da Land Cruiser na Toyota. A Ingila ma an daina ƙera jikanyarta, tsohuwar Defender, a watan Janairun 2016.

Aikin tayar da ita ya koya mini haƙuri. Busasshiyar iskar Sakkwato ta yi mana rana, domin ƙarfen ƙasa bai ruɓe ba sai wurare biyu da mai walda ya toshe. Amma rana ta cinye duk wani abu na roba, ƙura kuma ta cika kafireto. Muka sauke injin, mai silinda huɗu da lita 2.25, muka sa sabon ringi, muka wanke lagireto, muka sake birki da sifirin. Wasu kayan na samo su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu a Panteka ta Kaduna. Uwargida kuwa har ta sa wa motar suna kishiya, don a cewarta albashi ba ya kwana sai ya gaishe ta.

Na yi mata canje-canje, amma kaɗan. Na sake wayoyin lantarki duka, na ƙara fanka saboda zafin Afrilu da yakan wuce digiri 40, na kuma sa bel a kujeru domin yara. Babbar jarrabawa ta zo bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abokai suka matsa in cire injin in sa na dizal na Toyota. Na je wa dattijon da maganar. Ya ajiye sifana ya ce, "Injin ga nata na. In ka cire shi, mi yar rage?" Na ce, "Baba, aljihu fa?" Ya ce to in riƙa fita da ita ranar Juma'a kawai. Haka kuwa aka yi. Ƙofar direba ma ban shafe rubutun ba, man ƙyalli kawai na sa a kai.

Ranar da ta tashi, bara da kaka, mun tafi Wurno mun dawo ba ta ko yi tari ba. Sai dai akwai abin da ke damuna. Yawancin garuruwan gabas da kawu ya ratsa cikin laka yanzu kwalta ta kai gare su, amma saboda 'yan bindiga ban iya kai motar can ba. Dattijon ma ƙarfinsa ya ja baya, yaransa kuwa duk sun koma gyaran motocin zamani, ba mai son koyon wannan.

Don haka ina roƙon malamanmu da yayyenmu waɗanda suka shiga irin wannan mota, ko a aikin gona, ko duba makarantu, ko ƙidaya, su rubuto wa mujallar nan abin da suka gani, da hotuna in akwai. In Allah ya kai mu taron shekara zan zo da ita. Wanda ke son zagaye ya zo da kuɗin mai, kuma ya shirya turi.