Daga Furen Taba Zuwa Tabon Taba: Darasi Daga Kakuri

A wannan makon za mu tsallaka kogin Kaduna zuwa Kakuri, mu bi sawun da taba ke bari a jikin mutum.

Taba ta daɗe a wannan yanki. Asalinta nahiyar Amurka, kuma tun 1607 Malam Ahmad Baba na Timbuktu ya yi rubutu kan hukuncinta. Da Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Hausa a 1851, ya tarar ana nomanta, ta Katsina ma har ta yi suna. A lokacin wasu na taunata da kanwa, wasu na shaƙar garinta, wasu na zuba ta a lofe. Mata kuwa furenta suke gogawa a haƙora tare da goro don su yi ja. Wato alamar da taba ke bari a bakin mace kwalliya ce.

Zuwan sigari ne ya sauya lamarin. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. A 1959 kamfanin taba na NTC ya kafa masana'anta a Zariya, wadda ba ta da nisa da Kaduna. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo bayan KTL, sai kamfanin Peugeot a 1975. Dubban mutane suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, ga albashin wata, ga aikin dare. Wanda barci ya dame shi sai ya sayi kara ɗaya wajen mai tebur, ya haɗa da shayi.

Yayin da ake wannan hada-hada, likitoci a waje suna lura da fuskokin mashaya. A 1971 Dakta Harry Daniell na Amurka ya duba mutum 1,104, ya nuna cewa masu shan taba sun fi saurin tamojin fuska. A 1985 Dakta Douglas Model na Ingila ya nuna ana iya gane wasu daɗaɗɗun mashaya daga fuska kawai. Dalili shi ne nikotin na matse ƙananan jijiyoyin jini, sai abinci da iskar da fata ke buƙata su ragu. Hayaƙin kuma na lalata kolajin, sinadarin da ke riƙe fata ta yi kyau. Shi ya sa miki ke daɗewa bai warke ba a jikin mashayi. A baƙar fata tamoji kan makara, amma leɓe da dasashi kan ƙara duhu, yatsu biyu su yi rawaya.

Hukuma ta biyo baya da dokar 1990, sannan ta 2015 wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 da kuma sayar da kara ɗai-ɗai. Kafin nan KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Aiki ya tafi, jarabar ta zauna.

Me ya shafe mu? A littattafanmu mun saba miƙa wa ɗan iska sigari don mai karatu ya gane shi da wuri. Tarihin Kakuri ya fi haka faɗi. Mashayin na iya zama magidanci mai 'ya'ya shida da ya koya a aikin dare, yau ƙaramin yanka a ƙafarsa ya ƙi warkewa. Idan muka kwatanta leɓensa da yatsunsa da wannan miki, matashin da ke karantawa zai ga kawunsa, wataƙila ma ya hango kansa nan da shekara 20.

Aikin mako: a rubuta sakin layi ɗaya kan tsohon ma'aikacin masaƙa, mu gane mashayi ne ba tare da an ambaci taba ba. Sai mun ji daga gare ku.